Tsiron da Na Gani a Dutse Sabon Jinsi Ne? Yadda Ake Tabbatar da Saikad Kafin a Raɗa Masa Suna

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Jos, ina karatun gandun daji. Da hutu na je ƙauyen kakannina, wani kawuna mafarauci ya kai ni wani kwazazzabo cikin duwatsu, muka tarar da wasu tsirrai kamar kajinjiri amma ba shi ba ne. Kututturensu gajere ne mai kauri, ganyen da ƙaya, sabon tohon ja-ja ne kamar tagulla, ɗaya kuma yana ɗauke da wani abu kamar abarba a tsakar kansa. Ina ganin labarai cewa an gano sabon jinsin saikad a Kolombiya ko Meziko. Shin wannan ma sabo ne? In sabo ne, yaya ake yi a bayyana shi a sa masa suna? Ina so ya ɗauki sunan kakana.

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya saka wa kawun naka da alheri. Ka yi abin da ɗalibai da yawa ba sa yi: ka tsaya ka dubi tsiro da kyau har ka lura da launin tohonsa. Wannan launin kuwa shi ne ya sa tun ban gama karanta saƙonka ba na yi zaton na san abin da ka gani.

Tun da fari, ina roƙonka abu biyu. Kada ka haƙa ko da ɗan ƙarami ɗaya. Kada kuma ka sa hotonsa a Facebook ko WhatsApp tare da sunan ƙauyen. In ka riga ka sa, je ka goge yanzu, sannan ka dawo ka ci gaba da karatu. Dalilin yana nan tafe.

Abin da ka kwatanta ya yi kama ƙwarai da Encephalartos barteri, saikad ɗin (wato tsiro mai kama da dabino amma marar fure) da ke fitowa da kansa a dajin Najeriya da Benin da Gana. Sunan ya samo asali ne daga Charles Barter, wani tsohon ma'aikacin lambun Kew na Ingila da ya biyo tawagar binciken ƙasa ta William Baikie zuwa kogin Kwara a 1857. Jirgin ruwansu ya daki dutse ya lalace a kusa da Jebba, ya yi ta tara tsirrai a wannan yanki, bai kuma koma gida ba, ya rasu a Rabba a 1859. A 1868 aka wallafa sunan tsiron don tunawa da shi. Bayan shekara 110, a 1978, wani masanin tsirrai mai suna Leonard Newton, wanda ya daɗe yana koyarwa a Kumasi ta Gana, ya nuna cewa waɗanda ke duwatsun Filato sun bambanta da na ƙasa-ƙasa. Na Filato sun fi tsayin kututture, sabon ganyensu kuma yana fitowa da launin tagulla maimakon kore. Sai ya mai da su reshen jinsi, ya kira su allochrous, kalmar Girkanci mai nufin mai wani launi daban. Ka ga abin da ya ja hankalinka shi ne ya ja hankalinsa. Don haka mafi rinjayen zato shi ne tsironka yana da suna tun kafin a haife ka.

Kada wannan ya kashe maka gwiwa. Wannan reshen ba ya fitowa a ko'ina a duniya sai Filato, yana kuma cikin jerin tsirran da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Wanda ya gano wani sabon wurin da yake, ya ƙirga su, ya auna su, ya kiyaye su, ya yi aikin da ni a wurina bai gaza raɗa sabon suna ba. Amma tunda hoto da kwatance ba sa yanke hukunci, bari in bi da kai hanyar da ake bi, domin hanya ɗaya ce ko tsiron ya fito sabo ko ya fito sananne.

Saikad ba dangin dabino ba ne, ko da yake ido na cewa haka. Giginya da goriba da kajinjiri da tukurwa duk suna fure, suna 'ya'ya. Saikad ba ya fure sam. Irinsa tsirara yake zaune a jikin ɓawon wannan dunƙulen da ka ce kamar abarba, wanda zan riƙa kira goyo saboda kamarsa da goyon masara. Namiji daban yake, mace daban. Goyon namiji ya fi siranta, shi ke zubar da bununi, na mace kuwa ya fi kauri da nauyi, shi ke ɗauke da iri. Zuriyarsu ta haura shekara miliyan 250 a doron ƙasa, sun riga tsirrai masu fure zuwa da nisa. A yau akwai jinsi wajen 370 cikin dangi goma. Dangin Encephalartos, mai jinsi sittin da 'yan kai, a Afirka kaɗai yake. Wanda kake gani a gaban otal-otal da gidajen manya a Abuja, wanda masu sayar da furanni ke jerawa a bakin titi, wani dangi ne, yawancinsa Cycas revoluta ne daga kudancin Japan. Rabe su ba wuya: ɗauki ɗan ganye ɗaya ka duba. Na Cycas yana da jijiya guda a tsakiya. Na Encephalartos ba shi da ita, sai sirara-siraran jijiyoyi da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, galibi kuma da 'yan ƙayoyi a gefe. Wannan ne gwajin farko da za ka yi, domin na sha ganin an kawo tsiron lambu da ya tsira a tsohon kango ana cewa na daji ne.

To, mene ne “sabon jinsi”? Sabo ne a wurin littafi kawai. Kawunka ya san shi, kakansa ma ya san shi, wataƙila suna da sunansa a yarensu. Abin da masana ke nufi shi ne tsiron ya bambanta da duk waɗanda aka riga aka rubuta, bambanci tabbatacce mai bin zuriya, kuma babu wanda ya taɓa ba shi suna bisa ƙa'ida. Nauyin hujja a kanka yake. Ba za ka ce wa duniya “ku nuna mini ba sabo ba ne” ba. Kai ne za ka ɗauko kowane ɗan'uwansa na kusa, ka ajiye gefe da gefe, ka nuna inda suka rabu.

A nan ne saikad ke wahalar da mutum, a nan kuma nake so ka fi mai da hankali. Tsiro ne mai sauya kama gwargwadon inda ya samu kansa. Wanda ya tashi a inuwar dutse, inda danshi ke daɗewa, ganyensa kan yi tsawo da faɗi da laushi. Ɗan'uwansa da ke kan fako cikin rana kan yi gajere, mai tauri, 'yan ganyayyakinsa a cushe. Na ƙaramin tsiro ya fi ƙaya, na tsoho ƙayar kan ragu. Wanda gobarar daji ta lashe da rani kan fito da toho mai ƙarfi da farkon damina, har ka rantse wani abu ne daban. Wata shekara wani matashi ya shigo mini da ganye biyu a cikin buhu, yana murna, ya shimfiɗa su a kan tebur ya ce jinsi biyu ne. Gaskiya da ido ba su yi kama ba: ɗaya ya kai tsawon mutum, ɗayan bai wuce kamu uku ba. Da muka koma wurin tare, sai ga shi tsirran biyu tsakaninsu bai fi taku goma ba, kuma a tsakaninsu akwai wasu guda shida da girman ganyensu ke hawa daki-daki daga gajeren zuwa dogon. Da ya auna takwas ɗin tun farko, da shi da kansa ya ga babu inda layi ya yanke. Saboda haka ba a bayyana saikad daga tsiro ɗaya. Ana auna jama'arsu ne. In akwai ashirin ko talatin manya, auna su duka.

Me za ka auna? Tsayin kututture da kaurinsa, da ko a tsaye yake ko ya kwanta, ko kuma a binne yake cikin ƙasa. Yawan ganye a kai. Tsawon ganye tun daga gindi. Yawan 'yan ganyayyaki a kowane gefe. Sai ka zaɓi na tsakiyar ganye, ba na sama ko na ƙasa ba, ka auna tsawo da faɗi, ka ƙirga ƙayoyin gefen sama da na gefen ƙasa, ka duba ko suna hawa kan juna kamar jinka ko a ware suke. Ka dubi gindin ganye: shin 'yan ganyayyakin suna ƙanƙancewa har su koma ƙaya zalla, ko akwai sarari fayau? Launin sabon toho da gashin da ke jikinsa ka rubuta su nan take a wurin, ka ɗauki hoto da abin awo a gefe, domin launi ba ya rayuwa a busasshen samfur. Bayan wata biyu a cikin jarida, tagulla da kore duk sun koma launin ƙasa.

Amma ganye shaida ne mai rauni. Babbar shaida goyo ne, na namiji da na mace duka biyun. Yawansu a kan tsiro ɗaya, tsawo, kauri, launi idan sun nuna, tsawon mariƙinsu, siffar fuskar kowane ɓawo, ko sumul take ko da ƙuraje, sai girman iri da launin naman da ke lulluɓe da shi. Matsalar ita ce saikad ba ya goyo kowace shekara, kuma ka iya zuwa ka tarar da maza suna zubar da bununi alhali babu mace ko ɗaya da ta yi. Wannan ne ya sa bayyana jinsi ɗaya kan ci shekaru. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, a wannan aikin kuwa dutsen ma sai ka yi ta hawansa damina da rani. Ka ce ka ga ɗaya da goyo. Ka yi sa'a. Koma ka duba ko namiji ne ko mace, ka nemi ɗayan.

In ka tarar da goyon namiji ya buɗe, ɗora bayan hannunka a kansa. A jinsuna da yawa za ka ji ɗumi, ka kuma ji wani wari mai ƙarfi. Goyon da kansa ke haifar da zafin don ya watsa warin, ya kira wasu ƙananan ƙwari masu kama da ƙwaron hatsi. Su ke kwasar bununi su kai wa mace. An daɗe ana zaton iska ce ke wannan aiki, sai bincike ya nuna ƙwari ne. Kaɗa goyon a kan farin ƙyalle, ka tara abin da ya faɗo a kwalba da sifirit. Sau da yawa kowane saikad da ƙwaronsa, kuma inda ƙwaron ya ɓace, tsirran na nan tsaye amma irinsu fanko ne.

Sai samfur. Duk sunan tsiro a kimiyya yana rataye ne a wuyan busasshen samfur guda ɗaya da aka ajiye a ma'adanar tsirrai, wadda ake kira habariyam. Shi ne samfurin asali. In gardama ta tashi bayan shekara ɗari kan wane tsiro ne ke da wannan suna, shi za a ciro a duba. Haɗa samfurin saikad kuwa aiki ne ja. Takardar habariyam ba ta kai rabin mita ba, ganyen ya kusa mita biyu. Sai ka yanka shi uku: gindi tare da mariƙi, tsakiya, da kai, kowanne da lamba ɗaya. Sa safar hannu mai kauri, don ƙayar na huda jarida har ta huda kwali. Inda ka yanka zai riƙa fitar da wani ruwa mai yauƙi kamar ƙaro, yana manne takarda. Goyon shi ya fi ba da wuya. In ka bar shi ɗungurungum, ciki zai ruɓe kafin waje ya bushe, ko ya wargaje ɓawo-ɓawo. A watan Agusta a Jos, lokacin da ko wanki sai ya kwana biyu bai bushe ba, na taɓa buɗe matsewa bayan kwana huɗu na tarar furfurar ruɓa ta rufe komai fari fat. Tun daga ranar nake tsaga goyo a tsaye, in ɓamɓare wasu ɓawo daga tsakiya in busar daban, in jiƙa wasu a sifirit, in kuma sauya jarida kullum safe da yamma. Ganye ɗaya ko biyu daga babban tsiro ba ya cutar da shi. Goyon mace mai iri kuwa, in tsirran ba su da yawa, ɗauki 'yan ɓawo kaɗan ka bar sauran ya nuna. Kada a kashe zuriya don a cika takarda.

Ka yi samfur fiye da ɗaya daga tsiro guda a rana guda. Na asalin ya kamata ya zauna a gida Najeriya. Babbar ma'adanarmu ita ce ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan, kuma jami'o'i irin su Ahmadu Bello a Zariya suna da nasu. Kafin ka taɓa ko ganye ɗaya, nemi izinin hukumar gandun daji ta jiha ta hannun malaminka, ka kuma je ka gaida mai gari ka yi masa bayani. Dutsen yana da masu shi.

Daga nan sai kwatance, wanda shi ne zuciyar aikin. Za ka nemo bayanin asali na 1868 da na Newton na 1978, ka karanta layi-layi da awonka a hannu. Za ka dubi samfuran da ke Ibadan, da hotunan samfuran da ke Kew da sauran ma'adanai, waɗanda da yawansu yanzu suna intanet kyauta. Za ka duba 'yan'uwa na gabas, irin su Encephalartos septentrionalis na yankin Sudan ta Kudu da arewacin Yuganda. Akwai kundin sunayen saikad na duniya da masana ke sabuntawa, da kundin IPNI na sunayen tsirrai, inda za ka ga har sunayen da aka taɓa bayarwa aka janye. Wannan yana da muhimmanci saboda ƙa'idar fifiko: sunan da aka fara wallafawa bisa ƙa'ida shi ke da iko. In wani ya riga ka, ko da a wata tsohuwar mujalla ce da ƙura ta rufe, naka ya zama lakabi kawai.

Za ka ce, Malam, me ya sa ba za a yi gwajin DNA a huta ba? Ana yi, kuma ka yanki ɗan sabon ganye ka sa a leda da garin silika don ya bushe da sauri. Sai dai kada ka ɗora masa dukkan fata. A 2011 Nathalie Nagalingum da abokan aikinta sun wallafa bincike a mujallar Science da ya nuna cewa duk da tsufan zuriyar, jinsunan saikad da ke raye yau sun rarrabu ne a cikin shekara miliyan 12 da suka wuce. A ma'aunin tsirrai masu jinkirin girma, wannan jiya-jiya ne. Sakamakonsa, gajerun sassan DNA da ake amfani da su wajen tantance tsirrai sau da yawa ba sa iya raba jinsunan Encephalartos biyu da ido ke rabawa. Sai an shiga bincike mai zurfi da tsada. Ga kuma barbarar da ke faruwa tsakanin jinsuna inda suka haɗu, ta haifar da ruwa-biyu mai kama da sabon abu. Ra'ayina shi ne DNA ƙarin shaida ce, ba ta maye gurbin awo da goyo da sanin inda tsiron ke zaune.

A ce duk ka bi waɗannan, bambancin ya tsaya daram: ga siffofi biyu ko uku, har da na goyo, da ba sa cakuɗa da na kowa, a cikin dukkan tsirran da ka auna. Sai maganar suna. Akwai kundin dokoki na duniya kan sunayen tsirrai, ana sabunta shi a babban taron masana, na baya-bayan nan an yi shi a Madrid a Yulin 2024. Sharuɗɗansa ba su da yawa amma ba sa lanƙwasuwa. Suna kashi biyu ne cikin sigar Latin, na dangi da na jinsi, tsarin da ya kafu tun littafin masanin tsirrai Linnaeus na 1753. Dole a rubuta bayanin tsiron ko taƙaitaccen abin da ya raba shi da makusantansa. A da sai da Latin, amma daga 1 ga Janairun 2012 an yarda da Ingilishi. Dole a ambaci samfurin asali, wannan tun 1958, daga 1990 kuma sai an faɗi ma'adanar da yake. Dole a wallafa inda jama'a za su samu: a takarda, ko a intanet cikin PDF a mujalla ko littafi mai lambar rajista. Rubutu a Facebook ba ya kafa suna, labarin jarida ba ya kafawa, kundin kammala digiri da ke kan kanta ma haka. Mujallu irin su Phytotaxa da PhytoKeys da Kew Bulletin su ne inda irin waɗancan sababbin saikad na dangin Zamia na Kolombiya da Ceratozamia na Meziko da kake gani suke fitowa. Za su tura rubutunka ga masana biyu ko uku su tsefe shi. Su za su yi maka tambayoyin da na yi maka, da ma waɗanda suka fi su zafi. Ka haɗa da zanen hannu mai kyau, domin zane na nuna gefen ɗan ganye da fuskar ɓawo fiye da hoto.

Sunan kakanka ya halatta. Ana sa wa tsiro sunan mutum, kamar yadda aka yi wa Barter, abin da ba a so shi ne mutum ya sa nasa. Ni dai da za a tambaye ni, na fi son sunan da ke faɗin wani abu game da tsiron, kamar allochrous, ko wanda aka ɗauko daga sunan da mutanen wurin ke kiransa. In kuwa mutum za a karrama, kawun da ya san kwazazzabon ya kai ka yana da haƙƙi babba, aƙalla sunansa ya fito a cikin masu tara samfur. Abu ɗaya da zan hana ka shi ne sa sunan ƙauyen ko dutsen.

Ga dalilin roƙon da na yi maka a farko. A cikin dukkan rukunonin tsirrai da aka tantance, saikad ne ya fi shiga haɗari, fiye da kashi 60 cikin ɗari na jinsunansa suna fuskantar ƙarewa. Noma da fasa dutse da gobara suna da nasu kason, amma a dangin Encephalartos babban abokin gaba shi ne masu tara tsirran ƙawa. Gwargwadon ƙarancin tsiro, gwargwadon kuɗinsa. A Afirka ta Kudu an kwashe wasu jinsuna daga daji ƙaf, har lambun gwamnati na Kirstenbosch ɓarayi sun shiga da dare a 2014 sun haƙe saikad. Ranar da aka wallafa sabon jinsi, ranar farashinsa ke tashi, kuma masu wannan sana'a suna karanta mujallun kimiyya. Shi ya sa masu bayyana sabon saikad yanzu suke ɓoye ainihin wurin, su ambaci jiha ko yanki kawai, lambobin taswira su zauna a kulle a ma'adana. Ka sani kuma hoton waya kan ɗauki lambobin wurin a cikinsa ba tare da ka sani ba. Kashe wannan kafin ka ɗauka.

Doka tana bayanka. Dangin Encephalartos gaba ɗaya yana rukuni na ɗaya na yarjejeniyar CITES ta cinikin tsirrai da dabbobin daji, wadda Najeriya ke ciki, wato an haramta cinikin na daji tsakanin ƙasashe. Tunda dangin duka aka sa, sabon jinsi ma ya shiga tun ranar da ya samu suna. Ko busasshen ganye za ka aika waje don bincike, sai da takardar izini daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya a Abuja. Duk baƙon da ya same ka ya ce zai saya, ko ya ce ka kai shi wurin zai biya ka, ka sanar da malaminka da jami'an gandun daji.

Akwai wani saikad da duk mai wannan fage ke tunawa da shi, Encephalartos woodii. A 1895 John Medley Wood ya tarar da shi a gefen dajin Ngoye a ƙasar Zulu ta Afirka ta Kudu, kututture huɗu daga gindi ɗaya, namiji. Aka yi ta ɗebe su zuwa lambuna har babu saura a daji. Har yau ba a ga macensa ba. Duk wanda ke duniya yanzu, har da na Kew, reshen wancan namiji ɗaya ne. Yana da suna, yana da samfurin asali, yana da bayani cikakke, amma ba ya iya haihuwa. Duk lokacin da na tsaya gaban na Filato ina ƙirga maza da mata, shi nake tunawa.

Saboda haka ƙirgar da za ka yi tana da nauyi. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, tana da ma'auni: jinsin da manyansa ba su kai 50 ba yana matakin haɗari mafi tsanani, ƙasa da 250 yana mataki na biye. Ƙirga manya, ka raba maza da mata inda goyo ya nuna, ka duba ko akwai 'yan ƙanana masu ganye ɗaya ko biyu a gindin iyaye da tsagin duwatsu. Inda babu ƙanana, akwai matsala ko da manyan sun yi ɗari. Ka duba alamun sara, da ramukan haƙa, da nisan gona mafi kusa. Ka kuma gaya wa yaran ƙauyen kada su ci irin, duk da jan namansa mai jan ido. Yana da guba mai lalata hanta, dabbobin gida ma tana kama su.

Abin da nake so ka yi a wannan zangon shi ne ka sami littafi mai bangon kwali da fensir, don biro na zuba in ruwa ya taɓa shi. Ka nuna wa malamin da ke duba aikinka wannan amsa, ku nemi izini tare. Ka koma da kawunka, ka ba kowane tsiro lamba a littafi, ba a jikinsa ba. Ka zauna da dattawan wurin ka tambaye su sunansa a yarensu, da wane wata yake goyo, da wace dabba ke cin irinsa, da ko a da ya fi haka yawa. Ka rubuta amsarsu da kalmominsu. In ka tara awon tsiro ashirin da hoton goyon namiji da na mace, kawo mini littafin, mu buɗe bayanin Newton mu bi shi layi-layi.